Kyamarar Kawu: gyaranta na yi, ban sayi wata ba

Wata uku ke nan da na karɓo kyamarar nan daga wurin mai gyara, kuma na ƙarar da filim huɗu a cikinta, saboda haka yanzu ina da bakin magana.

Pentax K1000 ce, ta kawuna, ƙanin Inna, wanda ya yi shekara da shekaru yana sana'ar hoto a Tawa. Suna, ɗaurin aure, yawon salla, filin kokawa, duk inda mutane suka taru za ka gan shi da ita rataye a wuya. Bayan rasuwarsa aka same ta a ƙasan akwatin ƙarfe, nannaɗe cikin tsohon rawani, aka ce a ba ni tunda ni ne mai son irin waɗannan tarkacen. A goshinta an rubuta Asahi, murfinta na sama kuma ƙarfe ne, alamar tana cikin na farko-farko da aka ƙera a Japan ko Hong Kong. An fara yin wannan samfurin a 1976, ba a daina ba sai 1997, kuma na ƙarshe-ƙarshen a Sin aka haɗa su, da murfin roba.

Da na buɗe bayanta sai gabana ya faɗi. Soson da ke zagaye da ƙofar, wanda ke hana haske shiga, ya narke ya koma kamar kwalta, in ka taɓa sai ya bi yatsa. In na danna, wani lokaci madubin ya tashi ya ƙi saukowa. Allurar da ke auna haske ta mutu murus, ramin pil kuma ya yi kore-kore saboda wani tsohon pil da ya fashe a ciki.

Na yi kusan wata guda ina juya maganar. Sabuwar kyamarar filim akwai ta: a 2024 Pentax ta fito da wata mai suna Pentax 17, mai raba kowane hoto biyu, filim mai 36 ya ba ka 72. Sai dai kuɗinta a lokacin wajen dalar Amurka 500 ne, kusan jika 300 ke nan, ba a sa kuɗin kawowa da na duwan ba. Na rufe wannan babin da wuri. Sai sayen tsohuwa ta intanet, wanda shi kuma cinikin biri a sama ne: shekarunta ɗaya da tawa, sosonta ma ya narke ko yana kan hanya, ban riƙe ta a hannu ba balle in ji ƙararta. Wani abokina a fadarmu ya ce in karɓi Canon AE-1 tasa da arha. Kyamara ce mai kyau, kuma sa'ar tawa ce, ita ma ƴar 1976. Amma labulenta, wanda ke buɗewa haske ya faɗa kan filim, da lantarki yake aiki, sai da pil mai bolt 6, in babu shi ta zama dutse. K1000 kuwa ƙarfe ne da haƙora irin na agogo. Pil ɗinta, ɗan ƙaramin nan LR44, allura kaɗai yake motsawa, ko babu shi tana ɗaukar hoto. Wannan ne ya karkato da ni zuwa gyara, don abin da haƙora ke juyawa hannu na iya gyara shi.

Samun mai gyaran shi ne aiki. Masu gyaran salula sun cika Yamai, amma duk wanda na nuna wa sai ya jujjuya ta yana neman inda ake sa caji. Wani tsohon mai hoto ne ya kwatanta mini wani dattijo a wani lungu kusa da Babbar Kasuwa, mai gyaran agogo, wanda a da shi masu hoto ke kai wa kayansu. Ba sabon abu ba ne a ƙasashenmu: ko mai hoton nan Malick Sidibé na Bamako, da duk sunan da ya yi a duniya, an san shi da gyaran kyamarori, shagonsa cike da su.

Rumfar dattijon ba ta fi ta mai sayar da goro ba. Teburi mai gilashi, agogunan da masu su suka manta da su, gwangwanin madara cike da ƴan ƙananan sukudireba. Bai ko dubi fuskata sosai ba. Ya karɓi kyamarar, ya murɗa ta zuwa daƙiƙa ɗaya, ya kanga ta a kunne ya danna. Ƙarar ta ja, ta tsaya, ta sake ja, kamar tsoho na hawan tudu.

"Ɗana, tun yaushe rabonta da aiki?"

"Ya fi shekara ashirin, Baba."

"Ba ta mutu ba. Mai ne ya daskare, ƙura ta bi shi."

Sai ya kwance idon kyamarar, ya ɗaga shi saitin rana, ya daɗe yana leƙawa. Ya ce na yi sa'a a Tawa ta zauna. Da a bakin teku aka ajiye ta, irin su Kwatano, da fumfuna ta cinye gilashin, kuma fumfunar da ta daɗe tana barin tabon da ba ya gogewa. Tamu cutar ƙurar hunturu ce da zafin da ke narka soso. Ya ce da ya ga fumfuna a gilashin da tun a nan zai ce in kai ta gida in yi ado da ita.

Muka yi ciniki a kan jika goma sha biyar, na ba da rabi. Ya ce in dawo bayan sati ɗaya.

Sati biyar ya yi. Wannan shi ne babban kukana da shi. Ba ya riƙe waya, dole sai ka taka ka je, ga ranar Yamai, ka tarar ya tafi jana'iza, ko ya ce "Allah ya kai mu Alhamis". Zuwa na huɗu na tarar da kyamarar a warwatse cikin faranti, ƴan sukurorinta a jere a murfin kwalba, yana wanke haƙoran da man laita da tsinken ashana mai auduga a baki. Ganin haka ya sa na haɗiye faɗan da na taho da shi.

Aikin da ya yi mai kyau ne, ban da wuri biyu. Madubi yana tashi yana sauka ba gardama, daƙiƙa ɗaya ta koma daƙiƙa ɗaya. Soso irin na ainihi babu shi a kasuwa, sai ya bi ramukan ƙofar da baƙin zaren ulu, wurin maratayar ƙofar kuma ya manna ƙyallen karan-miski. Na raina dabarar da farko, amma a filim huɗun nan ban ga inda haske ya sata ya shiga ba. Allura kuwa ta gagare shi. Ya kankare ramin pil, ya sa sabo, ta motsa kwana biyu ta sake kwantawa. Da na koma ya ce ruwan pil ya ci waya har ciki, kuma idonsa ba ya ganin abin da ya kai wannan sirantaka yanzu. Na ji daɗi da bai yi mini ƙarya ba, amma bai rage ko dala a kuɗin ba. Na biyun shi ne gudun labule na ƙarshe, 1/1000 na daƙiƙa: gefe ɗaya na hoton yana fitowa da duhu, alamar labulen biyu ba sa tafiya daidai. Na daina amfani da shi, ina tsayawa a 1/500.

Rashin allurar bai dame ni yadda na zata ba. Akwai tsohuwar ƙa'idar masu hoto: in rana ta buɗe tar, ka sa buɗin idon kyamara a 16, gudu kuma ya yi kusa da lambar filim ɗinka. Filim mai 400, sai 1/500. A inuwar bedi ka buɗe ido zuwa 5.6 ko 4. A garin da rana ba ta fashi, ƙa'idar nan ta fi ƙarfin kuskure, sai dai ranar hazo ka ƙara buɗewa kaɗan. Na tabbata Kawu ma da ido yake aunawa.

Abin da ban lissafa ba tun farko, kuma shi ya kamata in fara lissafawa, shi ne filim da wanki. Shagon hoto uku na shiga, kowa ya ce ya daɗe da daina wanke filim. Ƙarshe wani ɗan'uwa da ke karatu a Faransa ne ya taho mini da Ilford HP5 guda biyar, mai baƙi da fari, da kwalbar maganin wanki Rodinal da ƴar tukunyar wanki. Kuɗinsu ya ninka na gyaran har sau uku. Wankin kuma yana son ruwa mai ma'aunin zafi 20, ruwan famfonmu kuwa a watan Afrilu sai ka ce an ɗora shi a wuta. Sai na sayo ƙanƙara ta dala ashirin, in riƙa jefawa ina aunawa, in shige banɗaki da dare in toshe ƙasan ƙofa da zane, ina gumi ina laluben filim cikin duhu. Abin dariya, filim mai launi 38 yake so, wanda ya fi kusa da yanayinmu, amma magungunansa sun fi saurin lalacewa. Filim na farko na ɓata rabinsa da hannuna, ba laifin kyamara ba ne.

Wanda ke da irin wannan a gida ya fara duba gilashin a rana, sannan ya cire pil ya danna. In gilashin garau yake kuma ta yi ƙara ba pil, ta cancanci a kai ta gyara. In mai lantarki ce kuma ta mutu, ni dai ba zan zuba kuɗina ba, don dattijon da kansa ya ce irin waɗannan ba ya ko buɗe su. Wanda kuma hoton suna kawai yake so ya tura wa dangi a WhatsApp, wayarsa ta ishe shi.

A filim na uku akwai hoton da na ɗauki Inna da la'asar tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ba ta san ina ɗauka ba sai da ta ji ƙarar madubin, ta ɗago da sauri, ta kira sunan ƙaninta. Filim ɗaya ya rage mini a firji, na ajiye shi sai na je Tawa da salla.