Tirena ko keken tirayatlon: wanne ya cancanci kuɗin hunturun nan?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Tunda ka riga ka biya kuɗin Ironman 70.3 ta garin Weymouth, gasar nan ta ninkaya da keke da gudu a jere, kuma abin da ke aljihunka na abu ɗaya ne, ko tirena, wato na'urar da ake ɗora keke a kanta a yi horo a cikin ɗaki, ko keken tirayatlon, wanda aka ƙera musamman don irin wannan gasar, to tirena za ka saya. Keken titin da kake hawa yanzu ka riƙe shi. Duka biyun na taɓa zuba wa kuɗina. Tirenar tana nan a kusurwar falona hunturu na huɗu ke nan, keken kuwa ko shekara bai cika a hannuna ba na rabu da shi da asara.

Ka fara ƙirga watanni kafin ka ƙirga kuɗi. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya a nan Ingila, kuma kafin Disamba ta raba, a Manchesta rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba. Ka tashi daga aiki, magariba ta daɗe da wucewa. Titi jiƙe yake, an watsa masa gishiri mai cin sarƙa da haƙoran keke, ga kuma ƙanƙarar nan da ke kwanciya a kan kwalta ido ba ya ganinta sai taya ta zame. Daga Nuwamba zuwa Maris wata biyar ne cur. Kilomita 90 ɗin da za ka murza a watan Satumba, a cikin waɗannan watanni biyar ake tara ƙarfinsu. Keken tirayatlon zai kwashe su ne a jingine da bango yana jiran bazara, tirena kuwa sau uku ko huɗu za ka hau ta kowane mako.

Tawa Wahoo Kickr Core ce. Na saye ta a hunturun da 'yata ta fari ta fara tafiya, lokacin da fita ta awa uku ranar Asabar ta zama abin da ba zan iya roƙon maiɗakina ba, don ita ma aiki take yi. Sai na koma tashi ƙarfe biyar. A Disamba asuba ba ta yi sai bayan shida, don haka ina samun awa guda cikakkiya, in watsa ruwa, in yi salla, gari bai ma san na motsa ba. Yarinyar da ta ƙara wayo, idan ta ji ƙarar fanka sai ta fito da bargonta ta zauna a kan tabarma, ta rungume gorar ruwana, ba ta miƙo mini sai na ce "don Allah". Yanzu ita ke ƙirga mini daƙiƙa goma na ƙarshe na kowane zagaye mai wuya, da Hausa, daga goma zuwa ɗaya. Wallahi akwai safiyar da don ita kawai nake hawa. Da a titi nake yin wannan horon, da duk wannan ya wuce ni.

Sai maganar azumi, wadda masu rubuta jadawalin horo ba sa sa mu a lissafi. A shekarun nan Ramadan yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da ya kamata mutum ya fara ƙara nauyi. Ba zan fita titi da duhu bayan tarawihi ba, kuma ba zan yi horo mai tsanani da rana ba ruwa ba. Da tirena, minti arba'in da biyar bayan an dawo daga masallaci, ruwa da dabino a gefe, ya wadatar in riƙe abin da na tara. Wani lokaci kuma minti talatin marasa nauyi dab da shan ruwa, in sauka ana kiran salla. Na fita daga azumi biyu a haka ban koma baya ba.

Abin da ya sa na'urar take aiki ba wani asiri ba ne. Irin wannan tirenar, cire wilin baya ake yi, a ɗora sarƙar keke kai tsaye a kan haƙoran da ke jikinta, ita kuma tana auna ƙarfin da ƙafarka ke bayarwa da ma'aunin wat. Kickr Core kuskurenta ba ya wuce kashi 2 cikin ɗari, kuma tana iya kwaikwayon hawa har mai gangaren kashi 16. Za ka fara da gwaji: ka ɗumama jiki sosai, ka murza iya ƙarfinka na minti 20, ka ɗauki matsakaicin wat ɗin ka cire kashi 5 cikin ɗari. Wannan lambar ita ake kira FTP, wato kusan ƙarfin da za ka iya riƙewa na awa guda, kuma a kanta ake gina duk sauran horon. Akwai kuma yanayin da ake kira ERG, inda manhaja ke gaya wa na'urar ta riƙe ka a wat kaza. Ka rage saurin feda ta ƙara nauyi, ka ƙara sauri ta sassauta, lambar dai ba ta motsi. Babu danja, babu gangare da za ka huta, babu mota da za ta tsayar da kai. Shi ya sa awa ɗaya a kanta take da albarka haka. Ni na fara da wat 188 a Nuwamba, gwajin farkon Afrilu ya ba ni 224, kuma nauyina bai ƙaru ba. Babu keken da zan saya ya ba ni wannan.

Kada ka ɗauka na masu ƙaramin ƙarfi ne kawai. Lionel Sanders ɗan Kanada, wanda ya zo na biyu a gasar duniya ta Ironman a Kona a 2017, an san shi da yin mafi yawan horon kekensa a cikin ɗaki.

Gargaɗi ɗaya a kan yadda za ka yi amfani da ita: kada kowace rana ta zama tsere. Idan ka shiga Zwift, manhajar da masu tirena ke hawa tare a cikinta ta intanet, za ka ga mutane suna wuce ka, zuciya ta ce ka bi su. Na yi wannan a hunturuna na farko, kafin ƙarshen Janairu ƙafafuna sun mutu, barci ya gagara. Yawancin hawanka ya zama mai sauƙi, irin wanda za ka iya hira a kai ba tare da haki ba, sannan rana ɗaya ko biyu a mako ka matsa da gaske. Sannu ba ta hana zuwa, kuma Satumba da nisa.

Kafin ka biya, ka duba abubuwa kaɗan. Wasu tirenonin ba sa zuwa da haƙoran baya, sai ka saya daban, kuma dole adadinsu ya yi daidai da na kekenka, in 11 ne 11, in 12 ne 12. Ka duba irin ƙarfen da ke riƙe wilin bayanka, na zarewa da hannu ne ko mai kauri na murɗawa, don ka tabbatar abin haɗawarsa yana cikin kwali. Ka sayi fanka babba, wannan ba zaɓi ba ne, domin a ɗaki ba iskar da za ta busar da gumi kuma zafi zai karya ka kafin ƙafa ta gaji. Ka riƙa shimfiɗa tawul a kan keken, gishirin gumi yana cin kusoshi har su yi tsatsa. In a bene kake, ka sa shimfiɗar roba mai kauri saboda haƙƙin maƙwabcin ƙasa. Manhajoji irin su Zwift da TrainerRoad da Rouvy kuɗin wata-wata ake biya, ka sa shi a lissafi. Kuma gaskiya tirena ba za ta koya maka shan kwana ba, ko saukowa daga tudu, ko zaro gora kana cikin gudu. Duk Asabar ɗin da gari ya yi kyau kuma titi ba ƙanƙara, ka fita.

Keken tirayatlon kuwa, ba zan ce ba ya gudu ba. A shimfiɗaɗɗen titi yana gudu. Nawa na hannu na saya, fam 1,400, na hau shi gasa ɗaya, wuyana da bayana suka hana ni zama a kan sandunan gabansa da ake kwantar da hannu a kai fiye da minti goma a jere, kuma ƙungiyar da nake fita da ita ba ta yarda a shigo jeri da irinsa, don birki yana nesa da inda hannu yake. Titin Weymouth kuma hawa da sauka ne a cikin tuddan Dorset, ba inda irin wannan keken ya fi nuna kansa ba ne.

Abin da ake nema a wurinsa za ka samu mafi yawansa da kuɗi kaɗan. A gasar Ironman an hana fakewa a bayan wani, dole ka bar tazarar mita 12, saboda haka kai kaɗai za ka yi ta fama da iska. Mafi yawan abin da iskar ke turewa kuma jikinka ne, ba keken ba. Ka sayi sandunan nan biyu da ake ɗaurawa a kan keken titi, ka je wurin mai daidaita keke da jikin mutum ya gyara maka sirdi da tsayin hannu, sannan ka kwashe hunturu kana saba wa jikinka da wannan kwanciyar a kan tirena, minti biyar yau, goma mako mai zuwa, har ka iya awa guda ba ka ɗago ba. Wanda ya iya kwanciya awa uku a keke mai araha ya fi wanda ke zaune a miƙe a kan mai tsada.

Ba ka tambaya ba, amma tunda na san za ka leƙa kasuwar kayan hannu, ka buɗe ido. Kaka da hunturu ne lokacin da masu gaskiya ke sayar da kayansu bayan an gama gasanni, kuma a cikinsu macuta ke ɓuya. Wanda na sayi kekena a wurinsa ya rantse mini bai taɓa faɗuwa da shi ba. Da na kai wa makanike, ya ɓare wata sitika a ƙasan gangar keken, sai ga tsaga. Kabon da ake ƙera irin waɗannan kekuna da shi ba ƙarfe ba ne, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake yi. Duk keken da za ka saya, ka nemi lambar da ke ƙasan gangarsa ka bincika ta a shafin rajistar kekuna na BikeRegister, don kekunan sata sun yi yawa a ƙasar nan, kuma in an gano na sata ne karɓewa za a yi, kuɗinka sun tafi. Wanda ya ce ka tura kafin alƙalami don ya ajiye maka saboda "mutane da yawa suna so", rabu da shi. Wanda ya ce ka biya ta PayPal a matsayin kyauta ga aboki, ka sani wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. Shafin da ka ga yana sayar da sabuwar tirena a rabin kuɗinta, ba adireshi ba lambar waya, kada ka saka katinka. In ta hannu ce za ka saya, ka je da kekenka, ka ɗora, ka haɗa ta da wayarka, ka murza minti goma da ƙarfi kana saurare. Ƙara mai kama da niƙa ko ƙwanƙwasa alama ce ta matsala a ciki. Ka ga rasit, ka ƙirga kayan haɗin da wayar wutar. Mai gaskiya ba zai hana ka gwadawa ba.

Ka ce kana son gamawa ƙasa da awa shida. Ga yadda lissafin yake kamawa: ninkayar kilomita 1.9 a minti 42, keke awa 3 da minti 5, gudun kilomita 21.1 a awa 2, canjin kaya sau biyu minti 10. Awa 5 da minti 57 ke nan, ba rara. Keken kaɗai yana nufin kusan kilomita 29 a awa a kan tudu da gangare, kuma ka sauka da sauran ƙafar da za ta yi rabin gudun fanfalaki. Zai yiwu, amma tunda wannan ce 70.3 ɗinka ta farko, ka riƙe buri biyu: na farko ka gama lafiya cikin awa takwas da rabi da aka ba kowa, na biyu shi ne awa shidan.

Abin da ya fi damuna a kanka ma ruwan ne. Yawancinmu da girma muka koyi iyo, kuma a Weymouth teku za ka shiga, da igiyar ruwa da gishiri da ƙafafun mutane a fuskarka. In ka wuce awa ɗaya da minti goma a ciki, an cire ka, ko keken ba za ka taɓa ba. Don haka canjin da ya rage bayan tirena da fanka da sanduna, ka kai wa mai koyar da ninkaya ya kalle ka ya gyara maka numfashi da kwanciyar jiki tun yanzu, lokacin da ba gasar da ke matsa maka. Idan tafkuna suka buɗe wajen Mayu, ka shiga da rigar roba kowane mako, kuma ka yi rajistar gasa ɗaya mai tsayin Olamfik, mita 1,500 da kilomita 40 da kilomita 10, a watan Yuni, don ka gwada canjin kaya da abin da cikinka ke karɓa.

Ka jira ragin farashi na ƙarshen Nuwamba ka sayi sabuwa mai garanti. In kana kusa da Manchesta kafin nan, ka zo da kekenka ranar Lahadi bayan azahar ka gwada tawa, mu yi maka gwajin minti ashirin ɗin tare.