Zagayen Suwidin da mota a bazara: abin da ke kyauta da abin da ke cin kuɗi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Masu shirin kawo ziyara Suwidin a Yuni ko Yuli suna yawan tambaya ko su ɗauki hayar mota su zaga ƙasar. A ɗauka, amma a fara sanin lissafin wurin. A nan duk aikin da sai wani ya sa hannu ya yi maka, tsada gare shi. Ruwan sha da titi da daji kuwa kusan kyauta ne. Mu akasin haka muka saba, shi ya sa baƙo kan yi tanadi inda ba a buƙata, aljihunsa ya huje inda bai zata ba.

Hanyar da ta fi biyan wahala ita ce a tashi daga Stockholm a bi Uppsala da Falun a shiga yankin Dalarna har Mora, a gangara Gothenburg, a wuce Malmö, a dawo ta Kalmar. Kusan kilomita 1,800 ke nan, bai kai Kano zuwa Legas da dawowa ba. Kwana goma sun isa, amma a ba Dalarna uku daga ciki.

Tuƙi a hannun dama ake yi kamar gida. Su sun sauya a 1967, Najeriya a 1972. Lasisin Najeriya da na Nijar suna aiki ga baƙo tunda da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, sai dai a tambayi kamfanin haya tun wuri ko yana neman na ƙasa da ƙasa. Za su riƙe kuɗin jingina a katin banki mai sunan direban. Yaron da tsayinsa bai kai santimita 135 ba dole a sa shi a kujerar yara, ita ma haya ce daban. Fitilar mota a kunne take dare da rana.

A gidan mai babu yaron da zai zuba maka, wasu gidajen ma babu kowa sai famfo da na'urar kati. Fetur sunansa bensin, bakin famfonsa kore. Na dizal baƙi. Kuskuren da ya fi tsada shi ne zuba fetur a motar dizal. In ya faru, kada a tayar da injin ko sau ɗaya, domin da zarar ya tashi man ya zaga famfo da allurai, gyaran kuma kan wanda ya yi haya yake hawa. Babu bakanike ko mai faci a bakin hanya. Sai a kira lambar da ke takardar haya a jira motar da za ta zo ta ja ta.

Kuɗinsu krona ne, ba yuro ba, kuma kada a canjo takardu da yawa. Shaguna da gidajen shayi da dama ba sa karɓar tsabar kuɗi sam, har banɗakin tasha da kati ake buɗewa. Swish, manhajar da 'yan ƙasa ke tura kuɗi da ita, tana buƙatar asusun bankin Suwidin. Wannan yakan hana baƙo sayen kayan gona a rumfunan ƙauye, inda manomi ke ajiye dankali da ƙwai ba mai tsaro, ka ɗauka ka biya da kanka. A riƙe 'yan canji kaɗan don irin wannan, a kuma zo da kati biyu.

Titunan lafiyayyu ne, babu shingen karɓar na goro. Gadar Öresund mai zuwa Denmark ce ke da kuɗi mai nauyi, ta tsibirin Öland mai kilomita 6 kyauta ce. Stockholm da Gothenburg suna da harajin cunkoso: kyamara ta ɗauki lambar mota, kamfanin haya ya cire daga baya, amma ba a biya Asabar da Lahadi da galibin Yuli. Tarar gudu daga krona 1,500 take farawa. Babban haɗarin hanya shi ne älg, dabba mai kama da gwanki amma ta fi doki tsayi. Mota kan buge ƙafafunta, gangar jikin ta faɗo kan gilashi. Da asuba da almuru take ƙetare titi. Wanda ya buge ta dole ya kira 112 ya sa alama a wurin, ko da ta tashi ta shige daji.

Allon fakin yana rikita baƙi. Awannin da aka rubuta haka kawai na Litinin zuwa Juma'a ne, na cikin baka na Asabar, masu jan rubutu na Lahadi.

Wurin kwana mafi sauƙi ga iyali shi ne stuga, ƙaramin ɗakin katako mai kicin a sansanin 'yan yawon buɗe ido. Zanen gado da tawul kai za ka kawo, kai za ka share ka goge kafin ka miƙa makulli, in ba haka ba a ƙara maka kuɗin shara. A kama ɗaki tun Maris ko Afrilu, domin a Yuli kusan kowa hutu yake. Mai tanti kuwa yana da haƙƙin da suke kira allemansrätten: ya kwana ɗaya ko biyu a daji, ya tsinki 'ya'yan itatuwa, muddin bai matsi gidan wani ba, bai taka shuka ba, bai shiga da mota cikin daji ba. In an yi fari ana hana hura wuta. Sauronsu ba ya sa zazzaɓin cizon sauro, amma kaskar ciyawa tana sa ciwo, a duba jikin yara kowane dare. Ruwan famfo ana sha kai tsaye, sayen na gora ɓarnar kuɗi ce.

Naman halal a manyan birane ake samu, kamar unguwar Rinkeby a Stockholm da Möllevången a Malmö. A saya a can a sa a cikin kula mai ƙanƙara kafin a shiga ƙauye. A kanti a lura da kalmomin fläsk da gris, alade ke nan, da blandfärs, niƙaƙƙen naman sa haɗe da alade, wanda da shi ake yawan yin ƙwallayen namansu. Willys da Lidl sun fi rahusa. In za a ci a waje, a ci na rana a ranakun aiki, dagens lunch, mai zuwa da salak da burodi da kofi. Na dare ya fi shi tsada nesa.

Dalilin ba Dalarna kwana uku shi ne Midsommar, bikin tsakiyar bazara. Jajiberensa kullum Juma'a ce tsakanin 19 da 25 ga Yuni, kuma ranar birane kan zama fayau kamar Kano da hantsin Sallah kafin a sauko idi. Shaguna suna rufewa da wuri, a yi cefane tun Alhamis. A garuruwan bakin tafkin Siljan, wato Leksand da Rättvik da Mora, ana naɗe dogon itace da ganye da furanni, maza su ɗaga shi da sanduna sannu a hankali, masu goge suna kiɗa, sannan yara da tsofaffi su kewaye shi da rawa, har da wata da ake tsallen kwaɗo. Kowace gunduma da kalar tufafinta na gargajiya, mai ido yana gane garin mace daga ɗinkin zanenta. Abincin ranar kifi ne jiƙaƙƙe a ruwan tsami, da sabon dankali, da jan 'ya'yan itacen da suke kira jordgubbar. Da rana taron na iyali ne. Da dare shaye-shaye kan yi yawa, gara mai yara ya koma masauki.

Jan fentin da ke jikin gidajen ƙauye daga ma'adinin tagulla na Falun ake samo shi. An daina haƙa a 1992, yanzu ana shiga da baƙi ƙarƙashin ƙasa. A Nusnäs kusa da Mora ake sassaƙa ɗan dokin katakon nan na Dalarna, ana kallon masassaƙa da masu zane suna aiki. Abin da zai fi taɓa zuciyar wanda ya san ruga shi ne fäbod, mashekarin bazara a kan tuddai. Mata ne suke kai shanu da awaki can, su tatsa, su kaɗa mai, su yi cuku, su kira garke da wata siririyar murya mai ratsa daji da ake ce wa kulning. Kaɗan suka rage suna aiki, kuma a 2024 UNESCO ta sa al'adar cikin gadon duniya.

Sai batun salla. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa a Stockholm wajen 3:30 na asuba, ta faɗi bayan 10 na dare, shafaƙi kuma ba ya gushewa sosai, don haka manhajojin waya suna saɓa wa juna kan Isha da Asuba. A ɗauki jadawalin masallacin Stockholm ko na Uppsala a bi shi, a tsara Juma'a, in ban da ta Midsommar, ta faɗo a birni, domin masallatai sun yi ƙaranci a ƙauyuka. A taho da abin rufe ido saboda barci, da rigar sanyi, don darensu na Yuli kamar safiyar hunturu yake a Jos.