Dattijon nan mai katako na wajen Laranto: yadda muka kwashe da shi kan ƙofofi da gadon ƙanwata

Tun da na saka hoton sababbin ƙofofin gidana mutane ke ta tambayata wai a ina aka yi, to bari in faɗa gaba ɗaya in huta, mai kyan da marar kyan.

Abin da ya kai ni wurinsa haushi ne. Shekara biyu da suka wuce na sayi ƙofofi huɗu a wani wuri da ba zan kira suna ba, cikin damina, jajaye sumul suna ƙyalli, mai shagon ya rantse min maɗaci ne. Hunturu na shigowa ƙofar falo ta buɗe baki a tsakiya, yatsana na shiga har ya leƙa ta ɗaya gefen, kuma duk wanda ya san sanyin Jos a Disamba ya san me ake nufi da ƙofa mai kafa. Ta ɗakin yara kuwa ta karkace har makulli ya daina haɗuwa, muka koma tokare ta da turmi. Daga baya uwargida ta fara share wani farin gari a ƙasan ƙofar kullum da safe, ashe ƙwaro ne a ciki yana aikinsa. Da na kira wani kafinta ya kankare gefe da wuƙa sai ga farin itace, ɗanye aka yanko aka shafa masa jan fenti, kuɗina sun tafi.

Kawuna ne ya ce in je wurin wani dattijo ta wajen Laranto, ba cikin babbar Kasuwar Katako ba, can gefe kaɗan, rumfar kwano ce babu ko allon suna. Ya ce min tun farko, mutumin nan yana da taurin kai kuma ba ya sauri, in kana gaggawa kar ma ka ɓata takalminka. Kowa Baba yake ce masa. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos ya yi karatu, ya yi shekaru yana aiki ta wajen dajin Nimbia, wannan da in ka sauka Hawan Kibo za ka Akwanga kake ratsa wurin da direbobi ke kira Forest. Ni duk shekarun da nake bin hanyar ban taɓa tsayawa na yi tunanin itatuwan tik (teak) ɗin nan da ke jere dasa su aka yi ba.

Abu na farko da na lura da shi a rumfar, katakon ba a zube yake a ƙasa ba kamar yadda muka saba gani. An ɗora shi kan bulo, tsakanin kowane layi da na samansa an sa ƙananan sanduna don iska ta ratsa, an shafa wa bakin kowane falanki tsohon fenti wai kar ya tsage, sannan da alli an rubuta ranar da aka jera shi. Yana da wani ɗan inji na auna danshin katako, kamar rediyon hannu mai allura biyu, ya soka a jikin katako sai lamba ta fito. Ya soka a wanda na nuna ina so, ta nuna 23. Ya girgiza kai ya ce ɗana wannan har yanzu da ruwa a jikinsa, sai ya sauko ƙasa da 15 zan bari a taɓa shi, in ba haka ba hunturu zai zo ya ƙarasa busar da shi a jikin bangonka kuma ni za ka zaga. Na yi dariya don kamar ya ga ƙofar falona.

Inda muka fara samun saɓani shi ne gadon. Ƙanwata za ta yi aure, Hajiyarmu ta dage sai gadon madobiya irin nata na da, wanda har yau yana nan ko motsi ba ya yi. Na faɗa wa Baba, ya ce ba ya sayarwa. Na ɗauka salon ciniki ne na ce zan ƙara kuɗi, ya ce ko nawa ne. Daga nan ya zaunar da ni kan benci ya ba ni labarin da ban tambaya ba, kusan awa guda, shayina har ya huce. Madobiya ita ce wadda 'yan Taraba ke ce wa madrid, wadda aka yi ta lodawa a kwantena ana kai wa Chaina suna yin kujerun alfarma da ita, cikin 'yan shekaru aka share ta daga dazuzzukan Kogi da Taraba da maƙwabtansu, har ta kai a farkon 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, daga baya ma aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi, ganyenta ne Fulani ke sassaɓo wa shanu da rani lokacin da ciyawa ta ƙare, makiyayi zai yi shekara talatin yana cin amfanin bishiya ɗaya bai kashe ta ba, mai inji ya zo ya kwantar da ita kafin a yi la'asar. Na kira Hajiya a waya na haɗa su, ban san me ya ce mata ba, na dai ji tana cewa to Malam duk yadda ka gani.

Abin da yake sayarwa tik ne da malaina, sai itacen turare na rufi, irin wanda aka daddasa a nan Filato kan tsofaffin filayen haƙar kuza, sai ɗan maɗaci jefi-jefi. Akwai kuma wata kusurwa da yake tara tsohon katako na gidajen da aka rushe, wasu tun na zamanin Turawan kuza, duk ramin ƙusa a jiki amma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ƙarfe. Wannan kam tsadarsa ta fi ƙarfina, kallo kawai na yi.

Na tambaye shi to shi da yake sayar da katako ai shi ma sare daji yake, meye bambancinsa da sauran. Bai ji haushi ba. Ya ce yawancin dazuzzukanmu an riga an tsince su, an kwashe manyan loko da maɗaci da kawo tuntuni, abin da ya rage ƙanana ne da karkatattu da sarƙaƙiya, to irin wannan dajin in ka koma ka sake tsince na kirkin da suka rage ka gama da shi, don babu uwar da za ta zubar da iri. Yadda aka koya musu, ana auna kaurin bishiya, wadda ba ta kai ba a bar ta, a bar wasu manyan da gangan saboda iri, a sare igiyoyin da suka ɗaure ta da maƙwabtanta kafin a kayar da ita don kar ta jawo biyar su faɗi tare, a duba inda za ta faɗi, sannan a rufe wannan yankin shekaru masu yawa a koma wani. Inda ya yi fili sosai a cike da dashe. Akwai ma tsarin da ake ce wa taungya, daga ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) aka kawo shi tun zamanin Turawa, a ba manomi fili a cikin gandun ya shuka masara ko doya tsakanin 'yan itatuwan, yana nome gonarsa yana nome su, in suka yi inuwa ya matsa gaba. Tik da malaina kuma suna da wani hali, in ka sare su kututturen yana tofowa, sai ka zaɓi tofo ɗaya ko biyu masu ƙarfi ka cire sauran, ba sai ka sake dashe ba. Ya ce babban abokin gabarsu ba ma mai zarto ba ne, wuta ce, yara su cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, tofon shekara uku ya ƙone a dare guda.

Ya kuma nuna min falanki biyu, ɗaya an tsaga da injin hannu a cikin daji, ɗaya an kawo gungumen an tsaga a injin zarto mai siririn baki. Na farkon duk tudu da kwari, kafin a goge shi ya miƙe an ci kusan rabin inci, ga abin da haƙorin injin ya riga ya mayar gari, ga kan bishiyar da rassan da ake bari a daji su ruɓe. Wato bishiya biyu ake kayarwa a samu abin da ɗaya za ta bayar, in ji shi.

Ni fa ban haɗiye duka ba. Na ce Baba takardar izini da tambarin gudumar da kake nuna min a gindin gungume, a ƙasar nan wa ya ce ba a sayensu, duk mai bin hanyar Akwanga da dare yana ganin motocin da ke wucewa a rufe da tamfol. Jihar Kuros Riba ma da ta hana sare itace gaba ɗaya a 2008 ai ba a daina fitowa da katako daga can ba. Ya ce gaskiya ne. Ya ce tik da malaina zai iya dafa Alƙur'ani a kansu don da ƙafarsa yake zuwa ya ga inda aka yanka, amma maɗacin takarda kawai ya gani, shi ya sa ba ya tara shi da yawa. Wannan amsar ce ta sa na ba shi kuɗina, da ya ce min komai nasa tsarkakakke ne da na tashi. Kuma ko dashen ma, ni a ganina gonar tik ba daji ba ce, ka shiga ƙarƙashinta ka gani, busasshen ganye ne kawai faffaɗa, babu ɗorawa babu kaɗanya babu saiwar maganin da tsofaffi ke nema. Amma dai in ƙofata ta fito daga can, wani lokon ya kwana a tsaye.

To yanzu ɓangaren da ya ba ni ciwon kai. Ya ce sati biyar, sai da muka shiga na tara. Saura kwana shida ɗaurin aure gado bai iso ba, Hajiya ta kira ni ya fi sau goma a rana, ni kuma in kira Baba wayar na ta ringin a aljihun rigar da ya rataye a ƙusa. Sai dai ka tashi ka je da kanka, kuma in an yi ruwa lungun nan taɓo ne har idon sawu. Ba shi da POS, taransifa kuma sai ta asusun ɗansa, ɗan kuma ba kullum yake nan ba, rasit ɗinsa takardar littafin makaranta ce da sa hannu. Kuɗinsa ma sun fi na kasuwa, abin da zai saya maka falanki goma a can, a wurinsa takwas za ka ɗauka, kuma ba ya ragi, in ka matsa sai ya ce je ka zagaya ka dawo.

Aikin yaransa ma sai da na yi magana. Katakon lafiya, haɗin lafiya, amma folish ɗin da suka shafa wa gadon ya yi kauri har ya ɓoye zanen itacen, ga wani gefe da ya zubo ya daskare kamar hawaye. Hinjin da suka sa wa ƙofofin irin na arha ne, tik kuma nauyi gare shi, sai da na sayo masu ƙarfi da kuɗina aka canza. Sannan a ƙofa ɗaya na ga farin gefe a jikin falanki, wato ɓangaren wajen itacen wanda gara ke iya ci, don tik ɗin dashe in bai tsufa sosai ba jan cikinsa bai da faɗi. Wannan kam da na nuna masa bai yi musu ba, ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana har na ji kunya, aka cire aka sa wani ba tare da ƙarin ko sisi ba, amma ya ƙara mana kwana huɗu.

Gadon ya iso ana saura kwana biyu, a bayan a-kori-kura, ƙarti huɗu ne suka shigar da shi suna nishi, dangin ango har suna tambaya ko daga Abuja aka yo oda. Ƙofofin kuma yanzu sun ga hunturu ɗaya da damina ɗaya, na gwada tura katin ATM a mahaɗar falankin bai shiga ba, makulli na faɗawa da yatsa ɗaya, turmi ya koma kicin.

In rufin gida za ka yi kana neman katakon tubaifo ɗari biyu zuwa jibi, wurin nan ba naka ba ne, ba shi ma da yawan haka. In ƙofa ce ko gado ko teburin da kake so ya daɗe, je ka, amma ka ba shi wata uku kafin ranar da kake buƙata, ka sayi hinjinka da makullinka ka kai musu, ka ce folish ɗin shafa biyu ya isa, kuma ka duba gefen kowane falanki da idonka kafin a haɗa.

Ranar da na je biyan cikon kuɗi ya ba ni 'yan dashen maɗaci guda uku a ledar fiya wata, wai haka yake wa duk wanda ya sayi ƙofa. Ɗaya akuyar maƙwabci ta cinye tun a satin farko, ɗaya ya bushe lokacin da na yi tafiya Kano yara suka manta da ban ruwa, na ukun yana nan bayan gida na kewaye shi da tsohuwar taya da ƙaya, ya kai min gwiwa. Wata mai zuwa zan koma in ba da aikin teburin cin abinci, na riga na faɗa wa uwargida kar ta sa rai kafin babbar sallah.