Sharhi kan faifan sarewa da fiyano na Claude Bolling

Wata biyu ke nan ina sauraron faifan Suite for Flute and Jazz Piano da makaɗin fiyano Claude Bolling ya fitar a shekarar 1975 tare da mai busa sarewa Jean-Pierre Rampal, kuma sai yanzu nake ganin kunnena ya saba da shi har zan iya faɗin ra'ayina. Ta intanet na saye shi, ya iso da murfinsa a tsage, amma faifan kansa lafiya lau yake, sautin kuma garau.

An haifi Bolling a birnin Cannes na ƙasar Faransa a 1930, ya rasu a watan Disamba na 2020 yana da shekara 90. Tun yana yaro ya kamu da son jaz, kiɗan da baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro, ya ɗauki Duke Ellington, shahararren makaɗin jaz na Amurka, a matsayin abin koyi, daga baya har suka ƙulla abota. Ya yi wa finafinai da dama kiɗa, ciki har da Borsalino na 1970, amma wannan faifan ne ya kai sunansa Amurka, inda ya shafe sama da mako 500 a jerin faifan da mujallar Billboard ke wallafawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka haɗa mutum biyu da kowannensu ya tashi a makaranta dabam. Rampal gwanin sarewa ne na kiɗan gargajiyar Turai, wanda yake bin abin da aka rubuta masa a takarda ba tare da ƙari ba, shi kuwa Bolling ya saba da sakin hannu a kan fiyano. Maimakon ya tilasta wa abokinsa sauya hali, sai ya rubuta wa sarewar sautinta mai natsuwa, ya bar fiyano da ganguna da ƙaton gogen nan mai kaurin murya suna yi mata tsokana. A kashi na farko, wato Baroque and Blue, sarewa ce take fara magana cikin ladabi, can sai fiyanon ya amsa mata da rangaji, kamar yadda abokin wasa yake kwaikwayon tafiyar dattijo a bayansa. Na maimaita wannan wurin ban san iyaka ba, kuma har yau yana sa ni murmushi.

Duk da haka ina da ƙorafi. Wanda ya zo neman jaz na ainihi, inda makaɗi yake ƙirƙirar sauti nan take, ba zai ƙoshi ba, domin kusan komai a shirye yake tun kafin a shiga ɗakin naɗa. Mai gangunan ma an takura shi ƙwarai, ga shi dukkan kashi bakwai ɗin ba su cika minti 40 ba.

Kashi na biyu, Sentimentale, shi ne wanda da farko na raina saboda laushinsa ya yi mini yawa, amma yanzu shi nake sakawa da daddare idan gida ya yi shiru, na rage sautin yadda har numfashin Rampal nake ji kafin ya busa.