Kano zuwa Jidda ko Kano zuwa Madina: wanne ya fi wa Hajiya sauƙi?

Malam, ka ce za ka kai mahaifiyarka Umara, kana tambayar tsakanin sauka a Jidda da sauka a Madina wanne ya fi kusa daga Kano. Allah ya saka maka da alheri, ya sa a je lafiya.

A sama kusan duk ɗaya ne. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda wajen kilomita 3,400 ne a miƙe, zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kuwa wajen 3,550. Ratar ba ta wuce ta minti goma sha biyar ba. Jirgin da ba ya yada zango a da yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar, amma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage suka koma zagaye, lokaci ya ƙaru, don haka ka duba abin da aka rubuta a tikiti. Ka kuma tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kada lokacin sauka ya ruɗe ka.

Bambancin yana ƙasa. In kun sauka a Jidda da niyyar Umara, dole a shirya harami tun kafin a kai daidai miƙati, wato tun jirgi yana sama. Kai namiji sai dai ka ɗaura naka tun daga Kano, don canza kaya a ɗan makewayin jirgi, ga layi a bakin ƙofa, ba ƙaramin aiki ba ne. Bayan an sauka a bi layin biza, a jira jakunkuna, a shiga mota kusan kilomita 100 zuwa Makka, sannan ga ɗawafi da sa'ayi suna jira. Matashi zai iya shanye wannan a dare ɗaya. Dattijuwar da ƙafafunta suka kumbura don zaman kujera, gaskiya ina tausaya mata.

Madina kuwa filin bai fi kilomita 15 zuwa 20 daga Masallacin Annabi (SAW) ba. Ba harami, ba gaggawa. Hajiya ta isa masauki, ta yi wanka, ta miƙe ƙafa, ta yi kwanakinta tana ziyara. Ranar tafiya Makka ku ɗauki harami a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, a natse. Sai dai akwai wajen kilomita 450 zuwa Makka: awa biyar zuwa shida a bas, ko kusan biyu da rabi a jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018.

Ni dai da tawa uwar ce, Madina zan fara, mu dawo ta Jidda, tunda daga Makka ita ce kusa. Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne tikitin da ke bi ta Addis Ababa ko Alƙahira. Wani lokacin yakan fi araha, amma zaman jira zai iya mayar da tafiyar ta wuni guda cur. Ka nemi mai tafiya kai tsaye, kuma tun wajen sayen tikiti ka ce a tanadar mata keken guragu a filayen biyu.