Donald Duck da Daffy Duck: agwagi biyu, kowa da hanyar muryarsa

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: shin mutum ɗaya ne ke yi wa agwagin katun ɗin nan biyu murya, kuma wacce ta fi wuyar kwaikwayo ga mai son koya? Malam, ba mutum ɗaya ba ne, ba ma kamfani ɗaya ba. Donald, fari mai rigar matuƙan jirgin ruwa, na Disney ne, ya fito a 1934 da muryar Clarence Nash. Daffy, baƙi mai farin zobe a wuya, na Warner Bros ne, ya fito a 1937 da muryar Mel Blanc.

Muryar Donald ba daga maƙogwaro take fita ba. Nash, mutumin Oklahoma wanda ya ƙware a kwaikwayon kukan dabbobi tun yana yaro, yakan tara iska a cikin kumatu ɗaya, ya matse ta da naman kuncin, ta kurɗa tsakanin kumatu da haƙoran tauna na sama. Karkarwar da ke faruwa a wannan 'yar kafa ita ce sautin, sai leɓe da harshe su siffanta shi ya zama kalma. Babu wata na'ura da aka sa ta ƙara masa kaifi, yadda ka ji haka yake fita daga bakin.

A nan masu koyo ke faɗuwa. Da yawa sukan matse maƙogwaro su yi siririyar murya, sai su tashi da ciwon wuya, abin kuma bai yi kama ba. Wasu su sami sautin amma kalma ta ƙi fita, saboda harshe yana aikin tare iska, kuma shi ake buƙata wajen furuci. Iskar kumatu ba ta da yawa, don haka doguwar jimla takan mutu a tsakiya. Fara da sautin zalla har ya zauna, sannan wasula, sannan kalma mai gaɓa biyu. Ko Nash kansa ba kowace kalma ake ganewa a bakinsa ba, shi ya sa maganar Donald gajeru ce, fushi da tsalle-tsalle ke ɗaukar sauran ma'anar. Duk da haka ya yi muryar har da Sifaniyanci da harshen Fotugal, ana rubuta masa kalmomin yadda ake furta su.

Daffy kuwa muryar mutum ce sak, aka ɗora mata tsamin baki. Blanc yakan tura harshe gaba, iska ta fita ta gefe da yawu, duk harafin "s" ya jiƙe. Bayan an naɗa, sai a ƙara wa faifan gudu, muryar ta hau sama. In ka saurari Sylvester, magen katun da ke farautar ɗan tsuntsu Tweety, kusan muryar Daffy ce ba a ƙara mata gudu ba, kuma duk Blanc ne. Don haka mai koyon Daffy ya yi magana a hankali, ya fitar da kowace gaɓa, ya naɗa a waya, sannan ya ƙara gudu kaɗan kaɗan. Wanda ya yi sauri tun wajen naɗa, kalmominsa za su cakuɗe. Wanda ya zarce wajen ƙarin gudu zai sami tsuwar ɓera. A ja da baya kaɗan daga makirufo kuma, don iskar "s" ɗin tana fasa sauti.

Abin da ya haɗa su shi ne tsarin aiki: murya ake fara naɗa, sannan a auna ta a kan hoto 24 na kowace daƙiƙa, masu zane su daidaita buɗewar baki da ita.

Dubi yadda aka gaji kowannensu. Nash ya riƙe Donald shekara 50, ya zaunar da Tony Anselmo, wani mai zane a Disney, ya koya masa baki da baki kafin rasuwarsa a 1985, kuma Anselmo ne babban mai muryar tun daga lokacin. Da Blanc ya rasu a 1989, Daffy ya bi ta hannun mutane da dama, irin su Jeff Bergman, Joe Alaskey da Eric Bauza.

A ganinmu, fitar da sautin Donald ya fi wuya nesa ba kusa ba, wasu sukan yi watanni ba su same shi ba. Na Daffy kana iya samu a yini guda, sai dai aikin yana gaba: hassada, son kai da saurin sauya hali daga fahariya zuwa magiya cikin jimla ɗaya, wanda Blanc ya iya ƙwarai. In niyyarka aikin murya ne a fim ko rediyo, fara da Daffy, don abin da za ka koya a can zai yi maka amfani a kowace rawa da za ka taka.