Kafin ka biya kuɗin laftof: wane ma'auni ne ke faɗin gaskiya?

Duk wanda ya taɓa shiga titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja neman laftof ta hannu ya san yadda ciniki ke farawa. Mai shago zai ɗaga murfi, ya ɗora yatsa a kan 'yar takardar da ke manne kusa da madannai, ya ce: "Yallaɓai, i7 ce fa." Daga nan farashi ya hau. Da yawanmu kuma a nan muke sallamawa, don mun ji an ce bakwai ta fi biyar.

To ga misali. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai lamba i7-7500U ƙwayoyin aiki biyu gare ta, wato sassa biyu masu yin aiki a lokaci guda. Ita kuwa i5-8250U, wadda Intel ya fitar a 2017, huɗu gare ta. A aikin da ke cin ƙwayoyi da yawa, ƙaramar a suna tana barin babbar a baya da tazara mai faɗi. A waɗannan biyun, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ke nuna zubi, wato zamanin ƙira: 7 zubi na bakwai, 8 na takwas. Bambancin bai tsaya a gudu ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take farawa, in ban da 'yan ƙalilan na bakwai. Wanda ya ɗauki waccan i7 ɗin ya ƙara kuɗi ne ya sayi tsufa.

Saboda irin wannan ne aka ƙirƙiro manhajojin awo. Aikinsu ɗaya: su ba kowace kwamfuta aiki iri guda, su duba tsawon lokacin da ta ɗauka, su ba ta maki. Sai dai kowace da abin da take aunawa, kuma a nan mai saye ke rikicewa.

Mafi sauƙi shi ne shafin PassMark, wanda tun daga gida za ka buɗe a wayarka. Ka rubuta cikakkiyar lambar firosesa biyu, ya jera maka makinsu gefe da gefe. Makin nan matsakaici ne na gwaje-gwajen da mutane suka tura daga ko'ina, don haka yana gaya maka abin da wannan samfurin ya kamata ya yi. Bai san wadda ke gabanka ba, wadda wataƙila ta sha ƙurar shekara shida. Amfaninsa ya rage maka jerin waɗanda za ka taya, shi ke nan.

Geekbench, na kamfanin Primate Labs, shi ake kunnawa a kan kwamfutar kanta. Cikin 'yan mintoci yake gamawa, ya fitar da lamba biyu: ta ƙwaya ɗaya da ta dukkan ƙwayoyi. Ta farkon ita ce ke nuna yadda kwamfuta za ta riƙa amsa maka a buɗe shafi, rubutu da lissafin ofis. A Geekbench 6, wanda ya fito a 2023, an ɗauki maki 2500 a matsayin mizani, wato ƙarfin i7-12700. Abu biyu za ka kiyaye. Na kyauta yana buƙatar intanet kafin ya nuna sakamako, sai ka tanadi data. Sannan makin Geekbench 5 da na 6 ba mudu ɗaya ba ne. Mai shagon da ya nuna maka hoton maki ba tare da lambar manhajar ba bai nuna maka komai ba.

Aibin Geekbench a wurinmu shi ne gajerun ayyuka yake bayarwa, kwamfuta ba ta kai ga yin gumi. Mu kuwa zafi ne babban abokin gabarmu. Firosesar Intel idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Laftof ɗin da fankarta ta toshe, ko man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe, za ta yi rawar gani a minti biyu na farko, daga nan ta koma tafiyar hawainiya. Ka haɗa wannan da watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda rana ke wuce digiri 40, ga ɗaki babu wuta.

Shi ya sa, da za a ce in ɗauki guda ɗaya tak in shiga kasuwa, Cinebench R23 zan ɗauka. Na kamfanin Maxon ne, kyauta ne, daga filash yake tashi ba sai an girka ba, kuma ba ya neman intanet. Yana sa firosesa ta yi ta zana hoto mai nauyi har minti goma tana maimaitawa. Ka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin firosesa, a gefe ka riƙa kallo. In maki ya yi kusa da abin da aka saba gani ga wannan samfurin, madalla. In ya faɗi ƙasa sosai, fanka na kuka kamar injin markaɗe, to ka san akwai gyara a gaba, sai a cire kuɗinsa daga farashi. Minti goma na da tsawo a shago mai cunkoso, na sani. Ka sayi ruwa ka zauna.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa alhali shi ya fi sa kwamfuta nawa: ma'ajiya. CrystalDiskMark ke auna ta. Tsohon faifai mai juyawa na laftof kusan megabait 100 yake karantawa a daƙiƙa. SSD, wato ma'ajiyar zamani marar faifai, iri biyu ce: ta SATA tana kaiwa wajen 550, ta NVMe kuwa tana iya kaiwa 3,500 a kan mahaɗar PCIe 3.0 har 7,000 a kan 4.0. Amma kada manyan lambobin layin sama su ruɗe ka. Layin ƙasa, na ƙananan fayiloli, shi ne ke nuna saurin tashin Windows da buɗe manhaja, kuma a nan faifai mai juyawa ko megabait biyu da ƙyar yake kaiwa. Tsalle daga faifai zuwa kowace irin SSD za ka ji shi a jikinka. Daga SATA zuwa NVMe, mai aikin ofis ba lalle ya lura ba. Ƙanwar CrystalDiskMark, wato CrystalDiskInfo, tana nuna awa nawa ma'ajiyar ta yi a kunne, abin da kan ƙaryata zancen "ba a wani yi amfani da ita ba."

Wane maki za ka fi ba wa nauyi? Ya danganta da aikinka. Ɗalibi ko mai shagon buga takardu ya duba makin ƙwaya ɗaya, ya tabbatar da SSD da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta) gigabait 8, ya bar sauran. Mai haɗa bidiyon biki ko ɗalibin zanen gine-gine makin dukkan ƙwayoyi na Cinebench ne nasa, da RAM 16, da katin hoto na daban, wanda 3DMark ke aunawa. Idan tazarar kwamfutoci biyu ba ta kai kashi goma cikin ɗari ba, ni ba na ƙara ko sisi a kanta. Gara kuɗin ya tafi ga RAM.

Su ma masu ƙera na'ura sun san ana kallon maki. A 2018 masu 3DMark sun cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu, bayan an gano suna ƙara wuta da zarar sun gane manhajar awo ce ke gudana. A shago, abin da ke karkatar da awo ya fi wannan sauƙi: wata a jone da caja, wata a kan batir. Ka sa duka a caja, tsarin wuta iri ɗaya, a rufe duk wata manhaja.

Saura batir, wanda makin gudu ba ya faɗin lafiyarsa. Ka buɗe baƙin allon umarni na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda yake ɗauka yanzu. Idan na biyun bai kai rabin na farko ba, ka tambayi kuɗin sabon batir a nan take, kafin a kai ga "albarka".